Tarihin Rayuwata da Ciwon Suga, Kashi na 6: Maganar Tuwon Shinkafa

Makon jiya mun tsaya a kan tambayar da ke damun duk Bakabe mai ciwon suga nau'i na biyu: sai an rabu da shinkafa? Yau labari zai ɗan jira, mu duba kwano.

Daga Argungu har Yauri shinkafa ce cimar gida, don haka cewa mutum ya bar ta kwata-kwata shawara ce da ba ta kai wata guda. Abin da ke aiki shi ne awo. Malmala ɗaya, gwargwadon dunƙulen hannunka, ita ce rabonka. Rabin kwanon ya zama ganye: zogale, rama, kabeji, ko miyar kuɓewa mai kauri. Ragowar kuma kifi, wake ko ƙwai. Fara da ganyen da kifin, tuwo ya zo daga baya.

Tuwo ya fi shinkafa mai tsaba saurin ɗaga suga, domin an dafa shi ya yi luguf an tuƙa, ciki bai da sauran aiki. Wake da shinkafa, idan waken ya rinjaya, ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda aka ɗauki tuwon alkama kamar magani. Garin alkama mai laushi ma sitaci ne. Wanda ya ci malmala uku zai ga sakamakon a jininsa. Zuma ma suga ce.

Na'urar gwaji ce alƙali. Da safe kafin karin kumallo ana son sugan jini ya kasance 80 zuwa 130 (a ma'aunin mg/dL), bayan awa biyu da fara cin abinci kuma ƙasa da 180. Idan ya haura, rage tuwon gobe, ka ƙara da tattaki na minti 15 bayan ci.

Kuskure mafi haɗari shi ne shan glibenclamide (ƙwayar maganin rage suga) sannan a ƙi cin abinci don tsoro. Suga na iya faɗuwa ƙasa da 70: gumi, karkarwa, jiri. Nan take a jiƙa suga cokali babba ɗaya a sha, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan a sanar da likita.

Mako mai zuwa, in sha Allahu, fura da nono da kunun zaƙi.