Lissafin kakar ƙwallon jami'a ga baƙon da ya sauka a Kolambas

Wanda ya sauka a Kolambas ta jihar Ohayo cikin watan Agusta, ko a sito yake aiki, ko a asibiti, ko tuƙin Uber yake yi, da wuya ya cika mako biyu wani bai tare shi da tambayar nan ba: wasa nawa kake ganin za mu ci bana? Ƙungiyar Jami'ar Jihar Ohayo ake nufi, wadda ake wa laƙabi da Buckeyes, ƙwallon kuma irin na Amurkawa ne, wanda ake runguma a ruga da shi ko a jefa da hannu. Mu da muka taso da kallon Firimiya mukan raina abin da farko, mu ce ai wasan ɗalibai ne. Filin wasan jami'ar, wanda aka buɗe a 1922, yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, Asabar ɗin garin nan a hannun ƙungiyar take: cunkoson hanya, kuɗin otal, wanda zai nemi ka karɓe shi aiki, har da fara'ar shugabanka ranar Litinin. Baƙon da ya iya wannan lissafi ya samu ƙofar hira da mutanen gari, ya kuma san yadda zai tsara aikinsa na wata uku.

Kakar gajera ce, wasa 12 kacal, kuma babu kunnen doki, domin in lokaci ya cika maki ɗaya ake ƙara lokaci har sai wani ya ci. Shi ya sa sakamako lamba biyu ne kawai: 10–2 na nufin an ci goma, an faɗi biyu. Tara daga cikin wasannin da 'yan rukuninsu ake yi, wato Big Ten, wanda tun 2024 ya koma jami'o'i 18 bayan shigowar Oregon, Washington, USC da UCLA. Sauran ukun da jami'o'in waje ne. A nan sabon zuwa yakan rikice, don ya saba da tsarin gida da waje inda kowa ke haɗuwa da kowa sau biyu. A wannan gasa sau ɗaya ake haɗuwa, kuma ba da kowa ba. Ƙungiyoyi biyu na rukuni ɗaya, masu ƙarfi daidai, ɗaya za ta iya ƙarewa da 11–1, ɗaya da 8–4, saboda kawai waɗanda jadawali ya haɗa su da su da kuma inda aka buga. Don haka hasashe daga takardar jadawali yake farawa, kafin a zo kan sunayen 'yan wasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya bi jadawalin yana cewa wannan za mu ci, wannan ma za mu ci, har ya kai ƙasa ya ga 12–0. Kowane wasa shi kaɗai maganarsa gaskiya ce, domin ƙungiya irin ta Ohayo ita ake ba rinjaye a kusan duk wasan da za ta shiga. Amma rinjaye ba tabbas ba ne, kuma ƙananan shakku in suka taru sukan zama faɗuwa. Abin da ya dace shi ne a ba kowane wasa kaso cikin ɗari, sannan a tara. Ga misali na ƙirƙira don a gane: a ce wasa shida masu sauƙi ne, kowanne kashi 95, uku matsakaita ne, kowanne kashi 80, uku kuma masu zafi ne, kowanne kashi 60. Shidan farko sun ba da 5.7, ukun tsakiya 2.4, ukun ƙarshe 1.8. Jimla 9.9, wato amsar ita ce 10–2, duk da cewa babu wasa ko ɗaya da ka ce za a faɗi. In kuma kana son sanin yiwuwar a cinye duka goma sha biyun, sai ka ninka kason da juna maimakon ka tara, za ka ga kusan kashi 8 cikin ɗari ne kawai. Wannan lissafin na minti goma a bayan takardar rasit ya fi yawancin hayaniyar da ake yi a rediyo amfani.

Wahalar tana wajen sa kason. Wasa a gida, a ƙiyasin masu bin abin, yana daidai da ƙarin maki biyu zuwa uku, kuma ya fi haka nauyi a filayen da ihun 'yan kallo ke hana baƙi jin umarnin junansu. Tafiya zuwa gaɓar yamma tana da nata kuɗin, sa'a uku ne bambancin agogo tsakanin Ohayo da Oregon. A can Eugene, garin jami'ar Oregon, ne Ohayo ta faɗi 32–31 a Oktoban 2024. A duba kuma jerin wasannin. Wasa mai zafi da ya zo bayan makon hutu ya fi sauƙi a kan wanda ya zo bayan wani mai zafi. Wasa matsakaici a waje, mako ɗaya kafin babban wasa, shi ma a rage masa kashi kaɗan, don 'yan wasan samari ne 'yan shekara 19 zuwa 22, hankalinsu yakan riga su zuwa gaba.

Wasanni da ƙananan jami'o'i kuwa, biyansu ake yi su zo a doke su a watan Satumba, kuɗin yakan haura dala miliyan ɗaya. A ba irin waɗannan wasanni kashi 95 ko 97, amma kada a ba su 100. A 2007 Appalachian State ta shiga gidan Mishigan ta ci 34–32. A 2024 Northern Illinois ta doke Notre Dame 16–14 a filinta, kuma wannan Notre Dame ɗin ce ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a kakar.

Sai batun mutanen da za su buga. Ƙungiya tana da goma sha ɗaya masu kai hari da wasu goma sha ɗaya daban masu tsaro, wato mutum 22 na sahun farko. Ɗan wasan jami'a ba ya daɗewa, mai kyau sosai yakan tafi gasar ƙwararru ta NFL bayan shekara uku. Tambayar farko ita ce nawa ne suka dawo cikin 22 ɗin. Bayan Ohayo ta ɗauki kofin ƙasa, 'yan wasanta 14 aka zaɓa zuwa NFL a 2025. Ƙungiyar da ta ɗauki kofi a Janairu da wadda za ta fito a Agusta suna ɗaya suke amsawa, amma fiye da rabin fuskokin sun canza.

Kowa yana kallon kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, kuma da gaskiyarsu, don shi ne jigon hari. Sabon kwatabak wanda bai taɓa buga wasa a waje gaban mutum dubu ɗari ba, a rage wa wasansa na farko irin wannan kaso mai kauri. Amma abin da baƙo ba ya lura da shi, kuma a ganina ya fi muhimmanci a hasashe, shi ne ƙartin nan biyar da ke tsayawa gabansa su zama katanga. Ba sa cin maki, ba a cika faɗar sunansu ba, aikinsu kuwa na haɗin baki ne: in ɗaya ya makara da rabin daƙiƙa, kwatabak yana ƙasa. Biyar ɗin da suka yi shekara tare sun fi biyar masu hazaƙa da aka haɗa a bazara. A tambayi nawa ne cikinsu suka dawo, kuma wa ke bayansu in wani ya ji rauni, domin a wannan wasa na karo rauni ba ya fashi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma miyar a watan Nuwamba take ƙarewa. Manyan jami'o'i a nan suke fin saura. A kakar 2014 Ohayo ta rasa kwatabak na farko tun kafin a fara, na biyu ya karye a wasan Mishigan, na uku, Cardale Jones, shi ya ɗauko musu kofin ƙasa. Jami'a matsakaiciya in ta rasa na farko, a cire mata wasa biyu ko uku daga lissafi nan take.

Abin da ya dagula hasashe a 'yan shekarun nan shi ne sauya sheƙa. An buɗe rajistar masu neman canza jami'a a 2018, daga 2021 kuma aka yarda ɗan wasa ya karɓi kuɗin talla da sunansa, sannan a 2025 jami'o'i suka fara biyan 'yan wasa kai tsaye. Yanzu koci yana iya sauya rabin ƙungiya cikin wata biyu. Indiyana ta ƙare 2023 da 3–9. Ta ɗauko koci Curt Cignetti daga jami'ar James Madison, ya zo da tarin yaransa, a 2024 suka ci wasa 11 cikin 12, Ohayo ce kaɗai ta doke su. Abin yana juyawa ta ɗaya gefen ma. Jami'ar Jihar Fulorida ta ci wasa 13 a jere a 2023, 'yan jarida suka sa ta ta goma a ƙasa kafin kakar 2024, ta ƙare da 2–10. Duk wanda ya gina hasashensa kan sakamakon bara kawai, waɗannan biyun sun kayar da shi. Jerin manyan ƙungiyoyi 25 na kamfanin dillancin labarai na AP da ke fitowa a Agusta ma a karanta shi da hattara, don suna da tarihi suna da nauyi a cikinsa.

In za a duba bara, a duba yadda aka ci, kada a tsaya kan nawa aka ci. Ƙungiyar da ta ci wasa biyar da tazarar maki bakwai ko ƙasa, sa'a ta taimake ta, kuma irin wannan ba ya cika maimaituwa. Haka ƙwallon da ke suɓucewa ya faɗi ƙasa: siffarsa ta sa ba a san inda zai yi tsalle ba, wanda ya tsinci da yawa bara ba shi da tabbacin bana. Tazarar maki a duk kakar ta fi faɗin gaskiya.

Akwai wasa ɗaya da lissafi ba ya riƙe shi da kyau, shi ne na Mishigan, babbar abokiyar hamayyar Ohayo, wanda ake rufe kaka da shi a ƙarshen Nuwamba. A 2024 Mishigan ta zo Kolambas da 6–5, ana ba Ohayo rinjayen kusan maki 20. Ohayo ta zubar da bugun maki uku har sau biyu, aka cafke wa kwatabak ɗinta ƙwallo biyu, ta faɗi 13–10, karo na huɗu a jere. Mutane da yawa a garin suka fara kiran a kori koci Ryan Day, duk da ya ci wasa goma. Ina ganin kada a taɓa ba wannan wasa fiye da kashi 70, komai ƙarfin ƙungiya a takarda. Baƙo kuma ya kiyaye a makon: kada ya sa shuɗi da rawaya zuwa wurin aiki, launin gari ja ne da toka-toka. Zai ga an lulluɓe harafin M da jan tef a allunan harabar jami'a, zai ji ana cewa ƙungiyar can ta arewa don kada a ambaci sunan. In wani ya ɗaga murya ya ce maka O-H, amsar ita ce I-O.

Sakamakon wasa 12 ba shi ne ƙarshen magana ba. Ƙaramar jami'a burinta ta ci shida ta samu wasan ƙarin da ake yi a Disamba. Manya kuwa idonsu na kan gasar sili ɗaya ƙwale, wadda ta tashi daga ƙungiya 4 zuwa 12 a 2024. Wannan ya canza ma'anar faɗuwa biyu. Da can 10–2 ya rufe ƙofa, amma Ohayo da 10–2 ɗin ta shiga, ta doke Tennessee, ta rama wa Oregon 41–21, ta doke Teksas, ta ƙare da Notre Dame 34–23 a Atlanta ranar 20 ga Janairun 2025. Saboda haka amsa cikakkiya kashi uku ce: wasa nawa, me zai faru da Mishigan, kuma za a shiga cikin goma sha biyun ko a'a. Bayan wasa huɗu a sake zama a gyara kason, don a lokacin an ga kwatabak da katangarsa a fili.

Dole a yi maganar caca, domin ta nan ake cutar 'yan'uwanmu. Tun 1 ga Janairun 2023 cacar wasanni ta halatta a dokar Ohayo, tallarta kuma tana cikin kowane wasa da kowace waya, da alkawarin kuɗin farawa kyauta. Lambar da kamfanonin caca ke fitarwa ta yawan wasannin da ƙungiya za ta ci, misali 10.5, ana iya karanta ta a jarida don auna naka lissafin ba tare da ka sa sisi ba. Matsalar tana zuwa ne lokacin da mutum ya ga hasashensa ya yi daidai sau biyu, ya ɗauka ya fi su sani, kuɗin haya da na aikawa gida su tafi. A wurin aiki ma za a zagayo da takarda kowa ya sa dala biyar ko goma. Ya isa ka ce ba ka sa kuɗi saboda addini, amma ga naka hasashen. Hirar suke so, kuma galibi a nan maganar take tsayawa.

Ga mai tuƙi ko mai aikin otal da gidan abinci, jadawalin nan kalandar kuɗi ce. Wasannin gida bakwai ne ko takwas a kaka, a sa musu alama tun Agusta. Lokacin farawa ba ya fitowa da wuri, sau da yawa sai saura kwana 12 ko ma 6 gidajen talabijin suke sanarwa, don haka kada a yi alkawarin karɓar aikin wani kafin a gani. Wasan ƙarfe 12 na rana yana cika hanya tun da hantsi, musamman babbar hanyar 315, Lane Avenue da High Street, kuma wasa yakan ɗauki kusan sa'a uku da rabi, wato azahar tana faɗawa a tsakiyarsa, a ƙarshen Nuwamba ma har la'asar. Wasan dare ya fi kawo kuɗi, amma fasinjojinsa tun rana suke shan giya a wuraren ajiye motoci, sai a tanadi leda da tsumma a mota, a kuma ɗauki mutane nesa kaɗan da filin, don titunan da ke kewaye da shi 'yan sanda suna rufe su ko su mayar da su hanya ɗaya da zarar an tashi. In abokin aiki ya gayyace ka cin abincin da ake yi a bayan motoci kafin wasa, ka je, amma ka tambayi naman da ke kan wuta, domin yawancin sosej ɗin da ake gasawa a wurin na alade ne.