Bindigar tunawa da kwalinta

Shagona ƙarami ne, a wajen garin Tulsa da ke jihar Oklahoma ta Amurka. Ni da yaro ɗaya muke riƙe da shi, muna da lasisin gwamnatin tarayya na sayar da bindigogi, amma rabin aikinmu ƙiyasta kayan gado ne. Tsoho ya rasu, magada su buɗe kabad su tarar da bindigogi, sai su kawo mana su ji nawa za su yi.

Wadda ta fi zuwa hannuna ita ce Winchester mai liba, irin ta fina-finan kaboyi: ka ja ƙarfen da ke ƙarƙashinta ƙasa, kwanso ya fita, ka mayar, sabon harsashi ya hau. John Browning ne ya tsara samfurin 1894, an kuma ƙera fiye da miliyan 7. Daga 1964 kamfanin ya fara fitar da na tunawa, wato waɗanda aka ƙera don tuna wani mutum ko wani abin tarihi, masu zane a jiki, wasu da ruwan zinari, wasu da tambarin ƙarfe a kota. Ta farko don cikar jihar Wyoming shekara 75 aka yi ta, kusan guda 1,500 kacal. Da suka ga kasuwa ta karɓa sai suka saki hannu. Ta cikar kamfanin shekara 100, a 1966, ta haura 100,000. Ta Buffalo Bill, shahararren mai shirya wasannin kaboyi na da, a 1968 ma haka. Aka bi da ta Golden Spike a 1969, don tuna ranar da layin dogo ya haɗa gabas da yamma a Utah, sannan ta John Wayne, jarumin fina-finan kaboyi, a 1981 mai faffaɗar liba.

A nan ne zancen yake yi mini nauyi a baki. Mutanen da suka sayi waɗannan bindigogi ma'aikata ne da manoma da suka yi imani suna ajiye wa 'ya'yansu dukiya. Kowa ya saya ya ɓoye a ƙarƙashin gado, bai harba ba. To, abin da kowa ya adana ba ya wuyar samu. Ka je babban baje-kolin bindigogi da ake yi a Tulsa sau biyu a shekara, za ka ga Buffalo Bill a tebur bayan tebur, duk fes. Masu tara su kuwa sun manyanta, kullum raguwa suke.

Don haka idan an ajiye mini ita, kwalin nake fara dubawa kafin ƙarfen. Shin na asali ne, lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta bindigar? Takardu da ɗan katin da ke rataye suna nan? Sannan in haska tocila in ga ko an taɓa ɗana ta, domin jan libar ma kaɗai yana barin sawu a ƙarfe. In an harba ta ko sau ɗaya, ta fita daga sahun kayan tarawa ta koma bindigar farauta mai ado, farashinta ya sauka sosai. Na sha hana baƙo taɓa libar da hannuna, ina ba shi haƙuri.

Bara wata dattijuwa ta zo da uku na mijinta. Biyu na tunawa ne. Ɗaya an yi farauta da ita, ɗayar, ta Buffalo Bill, tana cikin kwali amma laimar ɗakin ƙasa ta ci kwalin, tsatsa ta fara tsiro a bututu. Ta ukun a tsohon bargo ta naɗo ta, baƙin ƙarfen duk ya koɗe, kotar da tabo, har tana cewa in ba ta da amfani in taimaka mata a rabu da ita. Na duba lambarta sai na ga ƙirar farkon shekarun 1900 ce, ba wanda ya taɓa yi mata gyara ko sabon fenti. Masu tarawa sun fi son ƙirar kafin 1964, shekarar da kamfanin ya rage tsadar ƙira, balle wadda ta haura shekara 100. Na ce mata kada kowa ya goge ta. Muka rubuta wa gidan adana bindigogi na garin Cody a Wyoming, inda tsofaffin rajistocin Winchester suke, suka aiko da takardar da ta nuna ranar da ta bar masana'anta.

Na faɗa mata gaskiyar kuɗin biyun nan, na ga ranta bai so ba, don mijinta ya fi ji da su. Ta ukun ban saya ba. Na karɓe ta a kan la'ada, kuma ita kaɗai ta fi sauran biyun a haɗe. Ta Buffalo Bill ɗin ta fasa sayarwa, ta ce jikanta za ta ba. Na cire tsatsar a hankali, na shafa mai, na nuna mata inda za ta ajiye ta nesa da laima.