Tuscaloosa, garin da ake yi wa koci mutum-mutumi

Da asuba ranar Asabar muka bar Atlanta, ni da ɗan yayata da ke karatu a Amurka, tafiyar awa uku da 'yan kai zuwa Tuscaloosa a jihar Alabama. Shi ya matsa sai na ga ƙwallon jami'a irin tasu, wadda ake rungume ta ana bangaje juna. Hanya babu abin faɗa, daji ne da gidajen mai.

Tun daga bakin gari muka shiga cunkoso, kowa sanye da ja, kowa na ihun "Roll Tide", kirarin ƙungiyar ƙwallon Jami'ar Alabama da ke garin. Masu gidaje sun mai da ƙofar gidansu wurin ajiye mota na kuɗi. Na nemi ragi wurin wata mata, ta dube ni kamar na zage ta, yaron ya yi maza ya biya. Ruwan gora ɗaya kuwa, in ka juya kuɗinsa naira, jakunkunan fiya wata za ka saya a Kano har ka yi sadaka.

Filin wasansu, Bryant-Denny, yana cin mutum sama da 100,000, kusan yawan mutanen garin duka. A gabansa akwai mutum-mutumi biyar na tagulla, duk masu horarwa ne. Ina tsaye ina kallo wani dattijo Bature da ya kafa rumfa kusa ya yafito mu. Da ya ji ba ma cin alade sai ya sa matarsa ta kawo kifi da masara a faranti daban, ya zaunar da mu ya shiga jero mana su kamar maroƙi na jero sarakuna: Wallace Wade da ya fara kawo musu kofin ƙasa na jami'o'i a 1925, Frank Thomas, sai Paul Bryant da suke kira "Bear", wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1958 zuwa 1982 ya ci kofi shida. Da ya zo kan Bryant sai muryarsa ta sauya. Mutumin ya ajiye aiki a ƙarshen Disambar 1982, bai cika wata ɗaya ba ya rasu. Har yau 'yan mata da ba su taɓa ganinsa ba suna sa hula mai zanen baƙi da fari irin tasa. Na huɗu Gene Stallings, kofin 1992. Na biyar Nick Saban, 2007 zuwa 2023, shi ma shida.

Na ce to waɗanda ke tsakani fa? Dattijo ya taɓe baki. Bill Curry ya yi shekara uku yana cin wasanni, amma duk sau ukun Jami'ar Auburn, abokiyar gabarsu, ta doke shi, ya tattara ya tafi. Mike Price an ɗauke shi a ƙarshen 2002 an sallame shi a 2003 bai jagoranci wasa ko ɗaya ba. Mike Shula ya yi shekara huɗu aka kore shi. Ka ga ashe ba mu kaɗai ke da gajen haƙuri da koci ba. Bambancin kawai, su galibi suna biyan mutum haƙƙinsa in sun kore shi. Saban dai albashinsa ya haura dala miliyan 11 a shekara, a jami'ar gwamnati, abin da har yanzu bai zauna mini ba. Ni wanda ya gaje shi a 2024 nake tausayi, Kalen DeBoer, domin fagen wasan da ke cikin Bryant-Denny ma sunan Saban aka sa masa.

Wasan kansa tsayawa ya fi gudu yawa, ga kiɗan badujala mai daɗi. Washegari muka tsaya Birmingham muka ci abinci wurin wani Balarabe, muka wuce Atlanta, na hau jirgi da dare.