Tukunyar Hajiya da sandar 6013

Ranar Asabar na kwashe kayana daga shagonmu na walda da ke wajen Ƙofar Ƙaura, bayan shekara shida. Ƙannena da na bari can sun ce in rubuta musu wani abu a kan aikin silba, wato farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, tunda yanzu duk mai gina bene a Katsina sai ya sa hannun matakala mai sheƙi. To, ni ba na iya maganar silba ban fara da tukunyar Hajiya ba.

Wata Hajiya ce mai yin yogot a Daura ta kawo aikin babbar tukunyar dafa madara, da farantin silba mai lamba 304. Ni aka ba. Na gama jiki lafiya lau da sandar waldar silba mai lamba 308L, saura ɗinkin gindi, sanda ta ƙare. Yammacin Alhamis ne, direba kuma zai zo ɗauka da safe kafin a tafi masallaci. Na ce, "Maigida, sandar silba ta ƙare." Ko ɗagowa bai yi ba. Da ƙafa ya nuna mini kwalin 6013, sandar waldar baƙin ƙarfe, ya ce, "Walda ai walda ce. Ka ɗinke, ka bi da giranda, ka goge. Wa zai leƙa gindin tukunya?"

Na ɗinke, na goge har ina ganin fuskata a ciki. Raina bai kwanta ba, amma da za a ce in faɗi dalili, ba ni da shi. Shi ya sa na ja bakina. Nan ne nawa laifin, kuma na amsa shi.

Ba a rufa wata ba sai ga tukunya a bayan a-kori-kura. Tsatsa ta zagaye gindin kamar an ja layi da jan biro, wuri biyu ya tsage yana yoyo. Hajiya ta ce madarar kwana biyu ta zubar. Maigida ya dube ni a gaban maƙwabta da yaran shago, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, yaran zamani ne. Sandar silba na ba shi, ya karkatar da ita." Wato sata ke nan. Aka riƙe mini kuɗin sati uku. Daga ranar zuwa yau bai ƙara tada maganar ba, ni ma haka. Ranar Asabar ma sai da na durƙusa na yi masa godiya kamar yadda aka koya mana.

Wanda ya warware mini abin wani dattijo ne da ya yi aiki a kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, muna haɗuwa wajen mai shayi. Ya ce, "Yaro, abin da ke hana silba tsatsa wani sinadari ne da ake kira kuromiyom, sai ya kai kashi 10.5 cikin 100 kafin a kira ƙarfe silba." A 304 akwai kusan kashi 18, da nikel kashi 8. Ita 6013 baƙin ƙarfe ce zalla. Idan ta narke cikin silba sai a sami abin da ba silba ba, ba baƙin ƙarfe ba: kuromiyom ɗin bai isa ya tsare tsatsa ba, amma ya isa ya sa ɗinkin ya yi tauri ya riƙa tsagewa. Ga tsamin nono, ga wanki kullum. Ina za ta kai?

Daga nan lambobin kwali suka daina zama mini ado. Farantin 304 da 304, sandarsa 308L. In 316 ne, sai 316L, saboda molibdenom da ke cikinta, wanda ke jure gishiri. Inda na ga manya ma suna faɗawa shi ne haɗa silba da baƙin ƙarfe, kamar tanki da ƙafafunsa. Suna ɗauko 308L tunda dai sandar silba ce, alhali 309L ake so, don ta fi yawan kuromiyom da nikel, ko baƙin ƙarfe ya surka ta ba ta lalacewa. Harafin L kuwa ƙarancin kabon yake nufi. Kabon in ya yi yawa, zafi na sa ya kame kuromiyom a gefen ɗinki, sai ka ga tsatsa ta biyo gefe alhali tsakiya na sheƙi.

Sauran ƙanana ne. Ku rage wuta, silba ba ta son zafi, nan da nan take lanƙwashewa. Burushi da faifan giranda da suka taɓa baƙin ƙarfe kada su taɓa silba. Sanda ta kwana a busasshen wuri, musamman da damina. Maganaɗisu yana kama silba mai lamba 430, amma ba ya raba muku mai lamba 201 da 304, don haka ku sa mai kanti ya nuna lamba. Hayaƙin waldar silba kuma ba na shaƙa ba ne.

Rabin kwalin 308L da ke saman kabad da kuɗina na saya, na bar muku. Ku lissafa sanda kafin ku fara aiki, ba yammacin Alhamis ba.

Shagon da na kama a Daura layi biyu ne tsakaninsa da gidan Hajiya. A saninta, har yanzu ni ne yaron da ya sayar da sanda.