Ja ya ƙi shiga rawaya, alhamdu lillahi

'Yan'uwa masu koyon haɗa sola, yau dai akwatin batirina ya daina cinye mini kaya. Fanka ta sake ƙonewa a makon jiya, ana tsakiyar zafin Gusau: ƙanena ya ga kan XT60, wato filogin haɗa wayoyin batir, a sake, ya soka fankar 12V a layin 24V na inbata, sai ƙauri. Ban ko yi masa faɗa ba, tunda abin ya shige sumul.

Ai XT60 ya yi nasa aikin. Gefensa ɗaya a fafe yake, ɗayan a miƙe, don haka ko ka so ba za ka juya fozitib ya koma negatib ba. Amma ƙarfin wutar da ke bayansa ba ruwansa da shi. Na naɗa salatif don a bambance layukan, zafi ya saɓule shi. Na rubuta da maka, a duhu wa zai karanta?

Sai na yi odar wani filogin daban, Anderson SB50, daga Kano, kuɗin har da na mota ya ƙona mini rai. Shi ba mace ba namiji, biyu iri ɗaya ne, ka kifa ɗaya kan ɗaya su haɗe. Dabarar tana bakin robar: kowane launi da irin tudu da kwarin da aka fitar masa. Rawaya na 12V, ja na 24V, shuɗi na 48V, haka aka saba rabawa.

Inda na sha wuya shi ne ƙarfen ciki. Na waya mai kauri ne, wayar fanka kuwa siririya, in na matse na jawo ta sai ta zare. Sai da na ninka bakin wayar ya cika ramin kafin ta kama. Sannan dole leɓen ƙarfen ya hau kan sifirin ɗin da ke cikin robar har ka ji ƙas. In ba ka ji ba, da ka haɗa zai ja da baya, fanka ta riƙa ɗaukewa kana zargin batir. Ku kuma sa mitar auna wuta kafin ku tura ƙarfen, robar ba ta san wace waya kuka sa a ramin + ba.

Na miƙa wa ƙanen nawa ja na ce ya soka a rawaya. Ya danna, ya juya, ya ciji leɓe, ya ce, "Yaya, wannan ya lalace." Wallahi har da tafi na yi.

Saura layin caji daga kwantirola, mai daidaita cajin batir, shi ma XT60 ne har yanzu, kuma aljihu ya ce a dakata sai ƙarshen wata.