Yadda rubutun sunana ya mayar da ni dogon layi

Ranar da na fara tafiya bayan an amince da ni a shirin Global Entry, wanda ke saukaka wa matafiya bincike a filayen jirgin Amurka, da gangan na ƙi fitowa da wuri. Na ce ai yanzu ba ruwana da dogon layi. Na isa wurin bincike, na miƙa takardar shiga jirgi, jami'in ya duba sama ya duba ƙasa, ya nuna mini layin jama'a. Babu alamar TSA PreCheck, wato izinin bin layin bincike na sauri, a jikin takardar. Na zaro katina na Global Entry ina nuna masa, ya girgiza kai. Ashe katin ba ya buɗe wannan layin, alamar da ke kan takardar jirgi kaɗai ake dubawa. Da ƙyar na samu jirgin, ina haki.

Laifina ne. A fasfo sunana Muhammad, amma a asusuna na kamfanin jirgi Mohammed na rubuta tun shekarun baya, ban taɓa gyarawa ba. Idan an amince da mutum ana ba shi wata lamba da ake kira KTN, ita zai sa duk lokacin da ya sayi tikiti. Na sa lambar daidai. To amma kwamfutar tana haɗa lambar da suna da ranar haihuwa ne, in ɗaya ya saɓa, sai ta ɗauke ka baƙo. Mu da ake rubuta sunanmu hanya uku ko huɗu da boko, wannan tarkon mu yake jira.

Shirye-shiryen biyu ne a Amurka, kuma mutane na yawan cakuɗa su. PreCheck na TSA ne, hukumar da ke binciken fasinjoji a filin jirgi, amfaninsa lokacin da za ka shiga jirgi: ba ka fitar da kwamfuta daga jaka, ba ka cire bel ko 'yar rigar sanyi. Cire takalmi kuwa an ɗauke wa kowa shi tun Yulin 2025. Global Entry na hukumar kwastam da kan iyaka ne, amfaninsa idan ka dawo daga ƙasar waje, kuma PreCheck na cikinsa. Shi ya sa na zaɓe shi duk da ya fi tsada. Dala 120 ne tun Oktoban 2024, na shekara biyar, kuma ko an ƙi ka kuɗin sun tafi.

Wa ya cancanta? PreCheck kai tsaye na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin, wato giringad kamar nawa. Global Entry ya ƙara da 'yan wasu ƙasashe da aka yi yarjejeniya da su, irin su Birtaniya, Jamus, Indiya da Koriya ta Kudu. Mai bizar karatu ko ta ziyara, in ƙasarsa ba ta cikin jerin, kada ya ɓata kuɗinsa.

Cike fom ɗin a intanet ya ci mini dare guda, don sai da na tono duk adireshin da na zauna, wuraren da na yi aiki da ƙasashen da na je cikin shekara biyar. Daga nan sai amincewar wucin gadi, sai ganawa da jami'i. Samun ranar ganawar shi ne wahala. Ni a filin jirgi na yi tawa lokacin da na dawo daga wata tafiya, don an yarda a yi haka. Tambayoyi kaɗan, hoto, zanen yatsu, shi ke nan.

Batun yara ma ya so ya rikita ni. A layin PreCheck, ɗan shekara 12 zuwa ƙasa zai bi mahaifinsa ba tare da rajista ba. A Global Entry ko jinjiri sai da tasa rajistar, sai dai 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biyan kuɗi idan uwa ko uba na cikin shirin.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sauƙin rasa shi. Ba sai ka yi babban laifi ba. A 2018 an ci wata mata tarar dala 500 saboda tuffa ɗaya da aka ba ta a jirgi daga Faris, ta sa a jaka ba ta bayyana ba, kuma aka soke mata Global Entry. Dokar ruwa da man shafawa, kwalba kada ta wuce mililita 100, tana nan a kanka. Kuma ko komai naka daidai ne, wata rana za a iya jefa ka layin kowa da kowa, don da gangan suke yin haka jefi-jefi.

Yanzu daren tafiya nakan buɗe takardar jirgi a waya in nemi alamar. In babu, tun a gida nake kiran kamfanin jirgin mu bi sunan harafi bayan harafi. Kafin mu sauka kuma sai na zazzage jakar hannu, da ta yara.