Hukuncin da aka yanke mini babu i'izari

Tunda sunana ya fito cikin masu tafiya Makarantar Horas da Lauyoyi, ƙannena na tsangayar koyon aikin lauya a jami'a suke tambayata wace shawara zan bar musu. Wadda aka saba bayarwa kun san ta: a riƙa zuwa lakca, a haddace shari'o'i da shekarunsu, kada a jira jarrabawa ta ƙarato. Duk gaskiya ne. Amma ba rashin ɗaya daga cikinsu ne ya zaunar da ni shekara guda a gida bayan abokan karatuna sun wuce ba.

A aji huɗu ne, a kwas ɗin dokar filaye. Malamin ya ba mu jinga a kan sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wanda ya hana mai takardar mallaka sayar da fili ko jinginar da shi sai da iznin gwamna. Na ji daɗin batun ƙwarai. Na zauna a laburare na karanta shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989 tun daga farko, ba guntun bayanin da ke yawo a hannun ɗalibai ba, na kuma rubuta ra'ayina a kan yadda mutum zai ci bashi ya jinginar da gida, sannan ya dawo ya fake da cewa ba a nemi iznin gwamna ba. Ranar Juma'a muka miƙa wa wakilin aji, takardun suka kwana a ɗakinsa har Litinin. A tsakanin nan wani ya kwafe tawa kalma da kalma. Malam ya ga takardu biyu iri ɗaya, ya ba mu sifili, ya haɗa da makin gwajinmu ya soke. Bai kira kowa ba. Sai da aka kafa sakamako na ga na faɗi.

Na je ofishinsa da daftarin da na rubuta da hannuna. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, na zo ne a kan sakamakona." Da ya ji lambata sai ya ce, "Au, kai ne ɗaya daga cikin ɓarayin nan?" Na ce, "Malam, Allah ya ba ka haƙuri, ga daftarina. A kira mu mu biyu a yi mana tambayoyi a kan abin da ke ciki, wanda ya rubuta zai fito." Ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce, "Ni za ka koya wa aikina? Tashi ka ba ni wuri, mu haɗu baɗi."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a wannan ginin aka koya mana sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, cewa ba a hukunta mutum sai an saurare shi. A nan muka haddace shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986, inda Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai bayan wata tarzoma, domin an tauye musu wannan haƙƙi, har shugaban kwamitin da ya bincike su yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. A ɓangaren shari'ar Musulunci kuwa an nanata mana i'izari: alƙali ba ya yanke hukunci sai ya tambayi mutum ko yana da sauran magana ko wata hujja, kuma kotunan ɗaukaka ƙara sukan rushe hukunci don an tsallake wannan tambaya kaɗai. Mun rubuta wannan a jarrabawa an ba mu maki. Ni kuwa da abin ya zo kaina, minti biyu ban samu ba.

Akwai hanyar kai ƙorafi a rubuce, na kuma so in bi ta. Waɗanda suka riga mu suka ce in rufa wa kaina asiri, mutumin yana da wani kwas a aji biyar, kuma ba a san hannun wa kundin kammala karatuna zai faɗa ba. Baba ma ya ce, "Ka bar shi da Allah, ɗana, karatu ka je yi ba shari'a ba." Na bi maganarsa. Na maimaita kwas ɗin na ci da kyau, amma jimillar makina ta riga ta sauko, kuma gurbin da ake ware wa kowace jami'a a Makarantar Lauyoyi ƙayyadadde ne. Aka tura rukunin farko babu ni. Ku haɗa wannan da wata takwas na yajin aikin malaman jami'a a 2022, ku ga yadda karatun shekara biyar yake miƙewa. Har yau in na tuna shawarar da manyanmu suka ba ni, nakan ga tsoronsu suka gadar mana, mu ma muna shirin gadar wa na baya.

Saboda haka, duk jingar da za ku miƙa ku ɗauki hotonta a waya, ku tura wa kanku ta imel don kwanan wata ya zauna. Kada ku yarda takardunku su kwana a ɗakin kowa. In an zalunce ku, ku rubuta takarda cikin ladabi ta hannun shugaban sashe, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Roƙon baki a bakin ƙofar ofis ba ya barin shaida, kuma wanda bai iya kare takardarsa ba, da wuya ya kare gonar marayu.

Shekarar da na yi a gida ban yi ta a kwance ba. Da safe nakan hau Keke Napep daga Tudun Wada in je in zauna a bencin baya, yau kotun majistare, gobe kotun shari'a. A can na ga yadda ake yi wa shaida tambayar ƙure, da yadda ƙara ke mutuwa don ba a kai sammaci daidai ba. Ranar da wani lauya ya ba ni fayil ya ce in tsara masa hujjoji a kan rikicin fili, ya karanta bai gyara komai ba. Dokar filayen da aka ce na sata, ita ce yau na fi ƙarfi a kai.

Sauran a taƙaice. Jihar Kaduna ta yi sabuwar dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuka, a 2017, kada ku dogara da lambobin sassan da ke tsofaffin takardun lakca. Ku riƙe sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, don yanzu shaida da yawa daga waya da kwamfuta take fitowa. Ku koyi lissafin gado da alƙalami, haddar kaso ba ta isa. Wanda Larabcinsa ke da rauni ya nemi malamin zaure a cikin birni tun yana aji ɗaya. In dangi sun fara kiranku Barista suna kawo muku rikicin gida da gona, ku tura su wurin lauyan da aka rantsar.